Zuwa ga Sa'adatu, Kafin Ki Fara Tambayar Mutane

Sabon Layi, Mubi.

Assalamu alaikum, 'yata Sa'adatu.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya tsare miki hanyarki ta gobe, Ya kai ki makaranta lafiya, Ya sa ki wuce kowane shingen bincike ba tare da an sauke ki daga mota ba. Na san za ki yi mamakin samun wasiƙa daga wadda kuke kwana gida ɗaya. Tun da sunanki ya fito nake neman inda zan zaunar da ke, sai in ga ƙannenki sun kewaye mu, ko 'yan taya murna sun yi sallama, ko kuma ni kaina bakina ya ƙi buɗuwa. Shi ya sa yau da hantsi na rufe keken ɗinki na ɗauki biro. Ki karanta ke kaɗai, in kin gama ki sa ta a murhu. Akwai sunayen mutane a ciki, ba takardar da za a bi hanyar Yola da ita a jaka ba ce.

Ranar da kika ce mana soshiyoloji aka ba ki, Babanku ya tambaye ki wane aiki ake samu da shi, kika yi masa bayani cewa karatu ne na sanin yadda mutane ke zama da juna, abin da ke haɗa su da abin da ke raba su. Ya gyaɗa kai ya sa miki albarka. Ni na yi shiru, kuma na ga kin ɗauka fushi nake don kin ƙi aikin jinya da na so miki. Ba haka ba ne. Na taɓa ganin wannan karatun ya shigo layinmu, na ga abin da ya bari, kuma ba kya gari lokacin.

Ranar da mutanen daji suka shigo Mubi da bindigogi ba sai na ba ki labari ba, da ƙafarki kika taka. Mun bar tukunya a kan wuta muka bi ayarin jama'a ta Kwaja, muka hau duwatsu da ƙannenki a goye. Kin tuna tsohuwar nan 'yar ƙabilar Gude da ta kwashe awakinta daga rumfa ta shimfiɗa mana tabarma, ba ta jin Hausa sosai, mu ba ma jin yarenta. Shekaru na yi ina hana ku shan ruwa a irin gidajensu, ina ganin tarbiyya nake ba ku. Ranar ni na fara kai ƙwaryarta baki, kuma ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba. A jami'a za a koya miki sunayen da ake raba jama'a da su, waɗannan manoma ne, waɗancan baƙi ne, waɗannan 'yan gudun hijira. Ki koya don jarrabawa da aiki, amma in mutum ya tsaya a gabanki ki fara duba fuskarsa kafin ki tuna sunan da littafi ya ba shi.

Ba kowa ne ya gudu ba a ranar. Baffa Buba, mai injin niƙa na bakin layinmu, ya tura matarsa Adda Asta da yara suka biyo mu, shi ya tsaya. Mahaifiyarsa, Dada, ɓarin jikinta ya shanye, ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Babanku ya ja hannunsa a ƙofar gida, shi kuwa ya ce ba zai iya goya ta har kan dutse ba, kuma ba zai bar ta ba. Haka muka tafi muka bar shi tsaye.

Da aka kori mutanen muka dawo, ke mun riga mun tura ki Gombe wurin ƙanwar Babanku don ki ƙarasa sakandare. Garin da muka tarar ba wanda muka bari ba ne. Shaguna a fashe, wasu gidajen an ƙone, har da shagon Babanku, kowa yana neman nasa. Sai mutane suka rabu biyu ba tare da an ce a rabu ba, waɗanda suka gudu da waɗanda suka zauna. Wanda ya gudu ya dawo ya tarar an kashe masa ɗan'uwa, in ya ga wanda ya zauna yana tafiya da ƙafafunsa, ba ya cewa komai, amma idonsa yana tambaya, kai me ka yi suka bar ka? Ana kai wa Baffa Buba niƙa don babu wani injin a kusa, sai dai gaisuwa ta gajarce. Mata su ajiye kwano su koma gefe, ba a hira a rumfarsa kamar da.

A cikin wannan hali Yayanku Kabiru, ɗan ƙanena, ya sauka a gidanmu. Yana shekarar ƙarshe a irin wannan karatun naki, kuma na san shi ya sa miki sha'awarsa. An ce kowane ɗalibi ya yi bincike ya rubuta kafin a sallame shi, shi kuwa ya zaɓi ya rubuta yadda waɗanda suka zauna a gari suka rayu. Ya zo da takardun tambayoyi cike da jaka. Duk wanda ya tunkara, da ya ga biro sai ya tuna yana da uzuri. Wani dattijo ma ya ɗauka jami'in tsaro ne a farin kaya, ya yi ta rantsuwa bai san komai ba. Ya yi kwanaki yana fita da safe yana dawowa da takardunsa farare. Wata rana ya zauna kusa da kekena ya ce, "Gwaggo, in ban samu ko mutum ɗaya ba, shekarata ta tafi."

Ya ba ni tausayi, na ɗauki mayafi na kai shi gidan Baffa Buba. Adda Asta ba ta so ba, na gani a fuskarta, amma na ce mata ɗana ne, kuma karatu ne kawai, ba abin hukuma ba. Baffa Buba ya ce tunda ni na kawo shi, ya zauna. Kabiru ya yi masa alkawarin sunansa ba zai fito a ko'ina ba, ya roƙi izinin ɗaukar murya, ya ajiye waya a kan tabarma. Ni da Adda Asta muna gefe muna ɓarar gyaɗa, muna jin komai.

Da farko a taƙaice Baffa Buba yake amsawa. Can sai ya ɓalle kamar wanda aka cire wa toshiya. Ya ce mutanen daji sun zo masa da buhunan masara a mota suka ce ya tada inji. Ya ce musu babu mai, suka kawo. Wani yaro da bai fi sa'an ƙaninki ba ya tsaya a kansa da bindiga har ya gama. Ba sau ɗaya suka zo ba. Ya ce in za su tafi sukan bar masa ɗan gari a kwano, kuma yana ɗauka, don Dada ba ta da abin da za ta sa a baki. Da ya zo nan sai ya ce bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa. Na dubi Adda Asta, hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗa.

Ki riƙe wannan, Sa'adatu. Mutumin da ya daɗe da abu a ƙirji, in ya samu mai saurare, yakan faɗi fiye da abin da zai iya ɗauka daga baya. A lokacin shi ba ya lissafi, sauƙi kawai yake ji. Ke da kika zo da tambaya, ke ce za ki yi masa lissafin. In kin ji ya fara shiga inda zai iya jawo masa wuya, ki kashe wayar, ki ajiye biron, ki saurare shi a matsayin mutum, ki bar maganar a ɗakin. Babu makin da ya kai wannan.

Kabiru ya fito yana murna kamar an ba shi kyauta. Da yamma ya tafi majalisar samarin nan ta bakin shagon cajin waya. Dama suna tsokanarsa, wai karatunsa gulma ce aka sa wa sunan Turanci, wai ya yi shekaru a jami'a don ya koyi tambayar mutane me suka ci. Don ya rufe musu baki sai ya kunna musu kaɗan daga abin da ya ɗauka. Bai faɗi suna ba, ya cika alkawarinsa a nasa ganin. Amma wa ke layin nan da bai san muryar Baffa Buba ba, da Hausarsa ta Fulani, ga shi kuma yana maganar inji? A cikin masu sauraren akwai wanda aka kashe wa yayansa a kwanakin. Ya tashi ya tafi.

Ni ban sani ba sai da wata mata ta zo awon riga. Ina riƙe da tef a kafaɗarta take ce mini ashe Buba mai niƙa ya amsa da bakinsa cewa shi ke ciyar da mutanen daji, har an ɗauka a waya. Na rubuta awon ban san me na rubuta ba. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta girma, an ce shi ne mai ajiye musu kaya, an ce albashi suke ba shi. Na kira Kabiru ɗaki na tambaye shi, ya zauna a ƙasa ya amsa laifinsa. Babanku ya je da kansa ya ce wa Baffa Buba ya ɗauki iyalinsa ya koma ƙauyensu, Wuro Patuji, har ƙura ta lafa. Ya ƙi. Ya ce in ya tafi ya tabbatar musu ke nan, kuma bai gudu don masu bindiga ba, ba zai gudu don maƙwabtansa ba.

Ina rumfarsa ranar da suka zo. Rana ce tsaka, na kai masara, mata muna jiran layi, inji yana ta ƙara har ba a jin magana. Sai na ga matan da ke gabana suna ja da baya. 'Yan sintiri ne, wasu da sanduna, wasu da bindigar toka, kuma rabinsu yaran da na ɗinka wa kayan sallah ne. Ɗaya ya miƙa hannu ya kashe injin. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Baffa Buba ya tsaya, gari ya yi masa fari a gira da gemu, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi su bari ya shiga ya juya Dada, don ta daɗe a kwance ta gefe ɗaya. Suka ce a'a.

Na matsa na ce na san maganar nan daga tushe, ina wurin aka yi ta, dole aka yi masa, bindiga aka ɗora masa. Babbansu ya juyo ya dube ni a natse ya ce, "Hajiya, tunda kin sani, ko za ki biyo mu ki yi bayani a can?"

Na tuna ku. Na tsaya inda nake, ban bi su ba. Suka sa shi a gaba suka tafi, takalminsa ɗaya ya suɓuce a bakin rumfa ba wanda ya bari ya koma ya ɗauka. Ni na ɗauka na kai wa Adda Asta, ta karɓa ba ta dube ni ba.

Daga hannun yaran aka miƙa shi gaba, inda ba mu da ikon zuwa. Babanku ya yi kwanaki yana juya maganar. Kin san mu kakanninmu daga ƙasar Katsina suka zo fatauci, kuma a kwanakin duk Bahaushe mai shago ana yi masa wani irin kallo. Ya ce in ya sa baki za a iya haɗawa da shi. Duk da haka wata safiya ya sa babbar riga, ya ce wa Kabiru ya ɗauko wayar, suka tafi wurin mai unguwa. Aka tara dattawa aka kunna musu maganar tun daga farko har ƙarshe, suka ji batun bindiga, suka ji batun Dada, abin da samarin majalisa ba su tsaya sun ji ba. Dattawan suka yarda su tsaya masa. Amma shigar mutum irin wannan wuri ta fi fitarsa sauri. Aka yi ta zirga-zirga, yau a ce a dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ba ya nan.

Ni da Adda Asta muka riƙa juya Dada, muna yi mata wanka. Kullum in ta ji motsi a ƙofa sai ta kira sunan ɗanta. Mun ce mata ya tafi sayen kayan inji. Ban san ko ta yarda ba. Ta rasu ana tsakiyar damina, Babanku da maƙwabta suka kai ta. Sai bayan an fara girbi aka sako Baffa Buba. Ya shigo layin a rame, yana bin jikin bango, ya wuce rumfarsa bai kalle ta ba. Da aka gaya masa rasuwar Dada, ya zauna a ƙofar ɗakinta har la'asar. Daga baya ya sayar da injin, ya kwashe iyalinsa suka koma Wuro Patuji. Ke kin dawo kin tarar ba sa nan, aka ce miki noma ya koma, kuma gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba.

Akwai abin da Kabiru ya gaya mini kafin ya bar gidan nan, ina so ki ji. Ya ce an koya musu wannan a makaranta. Akwai darasi guda a kan yadda ake kare wanda ya ba ka labari, yadda ake ɓoye muryarsa da sana'arsa da unguwarsa, ba sunansa kaɗai ba. Ya ce malaminsu ya nanata, shi kuma ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya ci. Yana faɗa yana kuka. To in an zo wannan darasin, ki zauna a layin gaba. Ki tambayi malamin har ya gaji da ke. Kada ki karanta shi kamar abin da za a zubar a takarda a manta, ki karanta kina tuna rumfar niƙan bakin layinmu.

Kada kuma ki riƙe Yayanki a zuci. Ya canza abin da zai rubuta, ya gama, yanzu yana aiki a Yola tare da 'yan gudun hijira, kuma an ce mini babu wanda ya kai shi kiyaye baki a wurin. Bai sake taka Mubi ba. In kin zauna kin huta, ki je ki gaishe shi, ki ce na gaya miki. Zai ji nauyi, amma zai koya miki abin da ba ya cikin littafi.

Sauran abin da zan ce gajere ne. Za a yi ta tsokanarki kamar yadda aka tsokane shi, a ce karatunki ba shi da kan gado. Ki bar su su yi dariya, kada ki taɓa fito da maganar wani don ki nuna kina da abin nunawa. Wayarki kada ki bar ta a wurin caji, kada ki ba ƙawa ta duba hotuna in akwai muryar mutum a ciki. A shingen hanya in an tambaye ki, ki ce ɗaliba ce ke, ki nuna katinki, ki yi shiru. Kalmar bincike kada ta fito daga bakinki a wurin, ma'anarta a kunnensu daban ce.

In 'yan ajinku suka ji daga Mubi kike, za su kewaye ki da tambaya, wasu don tausayi, wasu don daɗin labari, wasu kuma za su janye jakarsu daga kusa da ke. Watakila malami ma ya kawo garinmu a matsayin misali ya ce ki tashi ki faɗi abin da kika gani. Naki labarin naki ne, ki faɗi abin da kika ga dama. Na maƙwabta ba naki ba ne. Kuma in kin dawo hutu da sababbin kalmomi, kada ki zaunar da Babanku kina yi masa bayanin dalilin da ya sa aka ƙone masa shago. Ko da bayanin daidai ne, ki bari sai ya tambaya. Ki guji cunkoso, kasuwa ki shiga ki fita, har yanzu ba a daina tayar da bama-bamai ba. Ki kira ni duk yamma ko da gaisuwa ce kawai.

Makon jiya na hau Keke Napep na tafi Wuro Patuji. Na ga bai kamata ki tafi wannan karatun ba tare da sun ji daga bakina ba. Na tarar da Baffa Buba yana gyara dangar gona. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi Babanku da yara, ya koma kan aikinsa. Haka yake yanzu da kowa. Adda Asta ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo nono. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce mata kin samu jami'a, kuma irin karatun Kabiru za ki yi. Na shirya wa kowace irin amsa, har da ta tashi ta bar ni a wurin.

Ta daɗe tana kallon mijinta daga nesa. Sannan ta juyo, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Maman Sa'a, ka gaya wa Sa'a ya zauna ya koyi abin nan har ƙarshe. Kabiru bai gama koyo ba ya zo mana."

Na kawo miki saƙonta kamar yadda ta ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

Allah Ya kai ki lafiya, 'yata. Ya tsare ki a mota da masauki da aji, Ya haɗa ki da malamai masu tsoronSa da abokan zama na gari. Ya sa kada wani ya taɓa kwana cikin tsoro saboda abin da ya gaya miki. Ya zaunar mana da garinmu lafiya, Ya dawo mana da ke muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, ki tafi da albarkata.

Mahaifiyarki,
Hajara